Jami'ar Cikin Aljihu Ba Ta Yaye Mutum

Edita, ina roƙon ka ba ni fili a wannan mujalla tamu mai farin jini domin in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san wasu daga cikin 'yan'uwana marubuta, musamman matasa, za su ce ga wani baƙauye nan ya fito yana faɗa da zamani. To, su faɗa. Gaskiya dai ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata.

Ni malamin sakandare ne a ƙasar Ɗambatta, na kuma shafe fiye da shekara ashirin ina shaƙar ƙurar alli. A kakar bara, wata rana bayan la'asar ina dawowa daga makaranta a kan babur, sai na hangi wani saurayi a kan tudu, a gindin gawo, ya ɗaga hannu sama riƙe da waya kamar mai roƙon ruwa. Da na matso sai na ga ashe tsohon ɗalibina ne, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda a lokacinsa babu mai kama ƙafarsa a lissafi. Jikinsa duk ƙaiƙayin gero, domin daga gonar mahaifinsa ya hauro. Na ce, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Malam, lacca nake nema. Duk garin nan a nan ne kawai sabis yake kamawa."

Muka zauna muka taɓa hira. Yana shekara ta uku a wata jami'a mai karantarwa ta intanet. Na tambaye shi wane malami ya fi so a cikin malamansa, ya yi shiru. Na tambaye shi abokan karatunsa nawa, ya ce suna da yawa a zauren WhatsApp, amma ba ya jin zai gane ko mutum uku idan sun haɗu a kasuwa, saboda sai ranar jarrabawa ake haɗuwa, kowa ya rubuta ya kama gabansa. Tun daga ranar nan na kasa sukuni. Yaron nan zai sami takarda, in Allah ya so. Abin da nake tsoro shi ne zai fito da takardar alhali bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba.

Kafin a yi mini mummunar fahimta, bari in share fage. Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma mu malamai mu ne muka fi kowa cin moriyarsa. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wato NTI, domin horar da malaman da shirin ilmin firamare kyauta ya buƙata, kuma dubban abokan aikinmu ta nan suka sami takardar NCE ba tare da sun bar ajinsu ba. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN, gwamnatin Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sa'an nan gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita a 2002. Ɗanmu na Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda duk mai ta'ammali da adabin Hausa ya san shi, shi ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021, kuma a zamaninsa ne, a 2018, aka gyara dokarta domin a daina yi wa takardunta kallon hadarin kaji. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da sashen karatu daga nesa.

Na kuma san dalilin da ya sa mutane ke ruguguwar shiga. Yara kusan miliyan biyu ne suke zana jarrabawar JAMB a 'yan shekarun nan, waɗanda ke samun gurbi kuwa ba su kai rabi ba. Wanda ya samu ma bai tsira ba, domin ƙungiyar malaman jami'a ta yi yajin aiki na wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022. Uba mai 'ya'ya goma da buhun gero ashirin, idan aka ce masa ga jami'ar da ba ta yajin aiki, babu kuɗin ɗaki, babu kuɗin mota, me zai ce in ba hamdala ba? Ban ga laifinsa ba. Rigimata da masu cewa wannan hanya ita ce makomar ilmi mai zurfi ga kowa da kowa, har da yaro ɗan shekara goma sha bakwai da bai taɓa kwana a wajen garinsu ba. Su ne nake so su saurare ni.

Abu na farko, me jami'a take bai wa mutum? Idan bayanai ne kawai, ai da tuni an rufe jami'o'i tun ranar da aka ƙirƙiro injin buga littafi. Ni ban yi sa'ar zuwa jami'a ba, kwaleji na yi na sami difloma a fannin ilmi. Amma ko a kwalejin nan, abin da ya fi sauya ni ba a allo aka rubuta shi ba. A ɗakin kwanan ɗalibai na fara raba kwano da Batibi daga Binuwai da wani Bayarabe daga Ilori. A nan na fara jin wani ya ƙaryata maganata a gaban jama'a, na fusata, na kwana ina neman hujja, gari ya waye na gane shi ne da gaskiya. A nan na koyi yadda ake tsayawa a gaban manya a yi magana ba tare da murya ta yi rawa ba, da yadda ake zaɓen shugaban ƙungiya a kayar da kai ka haƙura. Duk wannan karatu ne, kuma babu sabis ɗin da yake iya ɗauko shi.

Mu nan arewacin Kano, ƙasarmu a cike take maƙil. Daga Minjibir zuwa Ɓichi, daga Dawakin Tofa zuwa Kunci, da ƙyar za ka yi tafiyar mil biyu ba ka ga rufin gida ba, kuma kowace gona ta san mai ita tun kaka da kakanni. Wannan ni'ima ce, amma tana da nata cikas. Yaro a nan ake haihuwarsa, a nan zai yi firamare, a nan zai yi sakandaren jeka-ka-dawo, duk wanda ya sani ɗan'uwansa ne ko surukin ɗan'uwansa. Harshe ɗaya, addini ɗaya, tunani kusan ɗaya. Makarantar gaba da sakandare ita ce ƙofa guda da talaka yake bi ya ga sauran Nijeriya da mutuncinsa, ba a matsayin ɗan ci-rani mai tura baro ba. Idan muka toshe wannan ƙofa muka miƙa masa waya, to daga wayar nan zai san Ibo da Bayarabe da Birom, kuma kowa ya san irin zagi da gabar da ake shukawa a cikinta. Gwamnatin Gowon da ta kafa shirin bautar ƙasa a 1973, bayan yaƙin basasa, ta gane cewa mutanen da ba su taɓa cin abinci tare ba sun fi saurin ɗaukar makami a kan juna. Yau kuma sai mu ce mun fi ta wayo?

Kakanninmu ma sun san wannan. Me ya sa almajiri yake ɗaukar allo da buzu ya nufi gabas, alhali akwai Alƙur'ani a garinsu? Me ya sa har gobe mai neman ilmin fiƙihu yake durƙusawa a zauren malami a Madabo, alhali littattafan suna nan a kasuwar Kurmi? Saboda sun san ilmi daga bakin malami ake ɗaukarsa, kuma malami yana duban fuskar ɗalibi ya gane ko ya fahimta ko kunya ce ta sa ya gyaɗa kai. Yana ganin zamansa da tashinsa, ya gyara masa hali kamar yadda yake gyara masa karatu. Jami'o'inmu na boko ma a ranar yaye ɗalibai shaida biyu suke bayarwa, ta hali da ta ilmi. To, malamin da bai taɓa ganin ɗalibinsa ba, da wane baki zai ba da shaidar halinsa?

Abu na biyu shi ne maganar sauƙi. Ana ce mana wannan karatu ya fi araha. Ga wa ya fi araha? Gwamnati ce ta huta da gina aji da ɗakin kwana da sayen kujeru, aka kwashe nauyin aka ɗora a kan uban yaro. Shi zai sayi babbar waya. Shi zai sayi data kowane mako. A ƙauyukan da wutar lantarki take baƙuwa, ko ma babu turakunta sam, kullum sai an kai wayar shagon mai caji an biya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin cajin ya tashi saboda injin mai caji fetur yake sha. A watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ɗan ma'aikacin banki a unguwar Nasarawa yana da kwamfutar cinya da sola da ɗaki nasa shi kaɗai. Ɗan manomi a Makoɗa yana karanta littafi mai shafi ɗari uku a kan fasasshen gilashin da bai kai tafin hannu ba. Sa'an nan a ba su jarrabawa ɗaya a ce an yi adalci.

Mun riga mun ga samfurin wannan adalci. Tun 2015 da JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, kowace shekara ina da ɗalibai masu ƙoƙari waɗanda ranar jarrabawar ce rana ta farko ko ta biyu da suka taɓa kwamfuta da hannunsu. Rabin lokacinsu yana tafiya wajen kokawa da na'ura. Mun kuma gani a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu. Jami'o'in kuɗi da dama sun ci gaba da karatu ta intanet, 'ya'yan masu hali suka wuce, namu kuwa suka koma gona da kasuwa da acaɓa, wasu har yau ba su dawo ba. Na'ura ba ta rage tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi ba. Wanda yake gaba ne ta ƙara wa gudu.

Abu na uku, wanda masu tsara manufofi a Abuja ba za su taɓa hangowa ba, shi ne cewa a ƙauye wanda yake gida ba ɗalibi ba ne. Idan yaro ya tafi Kano ko Zariya, gida ya san ya tafi, an yafe shi. Idan kuwa yana kwance a soro da waya a hannu, a idon mahaifinsa zaman banza yake yi. Da damina za a ce ya fito noma, da kaka ya fito girbi da ɗaurin dami, da rani a tura shi fadamar Tomas ko Watari ban-ruwan tumatir, ranar Lahadi ya kora awaki kasuwar Ɗambatta. Wane ɗa ne zai dubi tsohonsa yana sunkuye da fartanya ya ce masa yana da lacca? Karatun sai ya koma abin da ake yi da ragowar ƙarfi, bayan isha'i, ido yana lumshewa.

Na 'ya'ya mata ya fi muni. A nan ma ina so in yi adalci. Matar aure mai goyo, ko ma'aikaciyar asibiti, ko malamar firamare da ba za ta iya barin gidanta ba, wannan hanya rahama ce a gare ta, kuma na san waɗanda suka amfana. Amma ga abin da na fara gani da idona. Shekara da shekaru muna bin iyaye gida-gida muna lallashi a bar yarinya ta wuce kwalejin Ɓichi ko Jami'ar Bayero. An fara samun nasara, kaɗan-kaɗan. Yanzu sai ga sabuwar amsa ta fito: "Malam, ai karatu ya zo har gida, me za ta je yi a birni?" Wata ɗalibata da ta fi kowa a ajinsu haka aka yi mata. Tana nan a gida da sunan 'yar jami'a, ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa, ita ce rainon ƙanne, wayar ma ta yayanta ce sai ya ga dama ya ba ta. Abin da aka ce zai buɗe mata ƙofa shi ya zama sabon kwaɗo. Kuma mu ne muke kukan babu likitoci mata da ungozomomi a asibitocinmu, alhali babu wanda ya taɓa koyon karɓar haihuwa ta waya.

Abu na huɗu shi ne ingancin abin da ake fitarwa. Yaron ƙauye yana gama sakandare da Turanci mai rauni, wannan laifinmu ne mu malamai da masu ba mu aji mai yara ɗari. A aji na gaske, idan ya ruɗe zai taɓa na kusa da shi ya yi masa bayani da Hausa, ko ya bi malami ofis. Shi kaɗai a gindin gawo wa zai taɓa? Sai ya nemi gajeriyar hanya. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu shagon kwamfuta da sana'arsu ita ce yi wa ɗalibai aikin gida da rubuta musu kundin kammalawa a biya su. Tun ƙarshen 2022 kuma ga ChatGPT da 'yan'uwanta sun zo, suna rubuta maƙala cikin ƙiftawar ido. Na san maguɗi yana nan a jami'o'in da ake zama ma, amma a can aƙalla akwai ranar da malami zai ce, "Tashi ka yi mana bayani." Mai irin wannan takarda ina zai nufa? Aikin da ya fi samuwa a karkara shi ne koyarwa. Zai dawo ajinmu ya koyar da ƙannensa abin da shi ma bai sani ba. Kowa ya san abin da aka shuka shi ke tsirowa.

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce a Ingila ma ana yi. Gaskiya ne, tun 1969 suka kafa buɗaɗɗiyar jami'arsu. Amma a tambaya yadda suka fara ta. Sun haɗa darussan rediyo da talabijin da littattafai ta gidan waya, suka ba kowane ɗalibi malami mai kula da shi a yankinsa, suka kuma riƙa tara ɗalibai su zauna tare na ɗan lokaci a lokacin hutu. Mafi yawan ɗalibansu manya ne masu aiki, a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa kuma kowane gari yana da ɗakin karatu. Mu mun ɗauko rigar mun bar wandon. Za a ce Obasanjo da kansa a NOUN ya yi digirin digirgir. Haka ne, amma ya yi shi ne bayan ya mulki ƙasar nan sau biyu ya zaga duniya. Abin da ya rage masa littafi ne kawai. Ɗalibina na gindin gawo kuwa duniyar ce bai gani ba. Za a kuma ce jami'a tana lalata tarbiyya, akwai shaye-shaye da miyagun abokai. Akwai su. Amma duk uban da yake zaton ɗansa ya tsira saboda yana ɗaki da waya, to bai san abin da ke cikin wayar ba. Caca tana ciki, batsa tana ciki, masu wa'azin tsiya suna ciki, kuma babu mai gadi a ƙofa.

To, mene ne abin yi? Ba na cewa a rufe komai. A 'yan shekarun nan an buɗe cibiyoyin karatu daga nesa a wasu ƙananan hukumomin Kano ta Arewa, wannan mataki ne mai kyau, kuma a kansa ya kamata a ɗora. Gini kaɗai ba ya karantarwa. Kowace cibiya ta sami sola da intanet kyauta da littattafai na takarda, ta kasance a buɗe har dare. A ɗauki malamai masu jini a jika da za su zauna da ɗalibai aƙalla kwana biyu a mako, su san su da sunayensu. A wajabta wa kowane ɗalibi zama na 'yan makonni a babbar harabar jami'a kowace shekara, a sa shi da rani bayan an gama kaka, a cakuɗa na Kano da na Inugu da na Ibadan a ɗaki ɗaya. Hukumar sadarwa ta sa kamfanoni su cire kuɗin data a kan shafukan karatu. Sama da duka, kada gwamnati ta fake da intanet ta daina faɗaɗa jami'o'i da kwalejojin da ake zama. Karatu daga nesa a bar shi ya yi aikin da ya fi iyawa, wato ba babba damar da ta wuce shi. Yaro ɗanye kuwa a nema masa aji.

Iyaye, ku ma da naku. Idan ɗanku ya shiga irin wannan karatu, ku yafe masa wasu sa'o'i kamar yadda za ku yafe shi da ya tafi birni. 'Yar da ta sami gurbi a makarantar zama, a bar ta ta tafi. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu da ke tara kuɗi su sayi lasifika da kujerun biki, su ware ɗaki guda da fitila da tebur inda ɗaliban gari za su riƙa haɗuwa suna muhawara. Mu kuma marubuta, yaran nan suna neman wanda zai warware musu tattalin arziki da kimiyya da tarihi cikin harshen da suke mafarki da shi. Wa zai rubuta musu in ba mu ba?

Kwanakin baya na sake haɗuwa da ɗalibin nan nawa. Yanzu shi da wasu mutum huɗu daga ƙauyukan kusa suna haɗuwa duk ranar Asabar a wani aji na makarantarmu, na roƙa musu mabuɗi. Ranar farko da na leƙa na tarar da su suna musu har jijiyar wuya ta tashi a kan wata tambaya ta lissafin kuɗi. Na koma da baya a hankali ban katse su ba. A shekara uku, ranar ce na ga ya yi kama da ɗan jami'a.

Wannan shi ne ra'ayina. Wanda yake ganin na yi kuskure, ga fili ga mai doki, ya ɗauki alƙalami mu haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.